Tartsatsi a Kan Tudu

Mahaifina ya rantse ba za ta kwana a gidan ba.
Yau shekara bakwai ke nan.

Rayén ce ta shigo da ita cikin hular ulu
daga bakin tashar jiragen ruwa,
tana warin kifi da baƙin mai,
kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a lanƙwashe kamar gefen takarda.
Muka sa mata Chispa, wato tartsatsi.
Ko kilo huɗu ba ta kai ba,
amma kafin rana ta faɗi
ta kora kyanwar maƙwabta har saman kwano.

Gidanmu na maƙale a ƙirjin tudu, a Valparaíso,
matakala ɗari da sha bakwai daga titi.
Da gwiwata na ƙirga su.
Ita takan haye, ta dawo ta duba ko ina da rai,
ta sake hayewa.

Ta cinye takalmin makarantar Rayén, na hagu kaɗai.
Ta cinye takardar kuɗin wuta, ba wanda ya yi kuka.
Ta sace burodin da Doña Fresia ta ajiye a taga ya huce,
ta shigo da shi tana taƙama kamar albashinta ne.
Ni na tafi ban haƙuri da lemo shida a leda.

In manyan jirage suka yi ƙugi daga teku,
sai ta ɗare bakin tukunyar fure
ta mayar musu da martani.
Kullum jirgin yakan tafi.
Kullum takan sauko tana kaɗa jela, ta kore shi.
Wa zai gaya mata?

Da mahaifiyata ta rasu,
tsoho Eladio ya zauna kusa da rediyo bai kunna ba.
Hannayen da suka shekara arba'in suna ɗinkin koma
suka kwanta a cinya kamar an manta su.
Muka yi magana, muka gaji.
Chispa ba ta yi magana ba.
Ta ɗauko igiyarta ta ajiye a kan ƙafarsa.
Ya ture. Ta dawo da ita.
Ya ture.
Kwana tara suna wannan shari'a.
Ran na goma na ji shi yana cewa,
“Ke dai fitinanniya ce,”
na ji ƙarar sandarsa a matakala ta farko,
ta biyu,
ban leƙa ba, don kada ya fasa.

A nan ƙasa takan yi miƙa cikin dare.
Daren da ta yi da ƙarfi,
Chispa ta tashe mu tun kofuna ba su fara rawa ba.
Muka tsaya a titi, mu da unguwa duka, cikin barguna,
sai aka nemi jarumar aka rasa.
Tana cikin kwat ɗin tsoho,
hanci kaɗai a waje, tana makyarkyata.
Ya ce, “Sanyi take ji.”
Hannunsa ma na rawa. Muka bar shi a sanyi.

Yanzu furfura ta fito mata a baki.
Matakala talatin na ƙarshe shi ke ɗaukar ta,
yana haki, yana mita,
tana kallon jirage ta saman kafaɗarsa
tana yi musu gurnani ƙasa-ƙasa, kada su ɗauka ta manta.

Jiya mai kawo wasiƙa ya tambaye shi, “Taka ce?”
Ya ce, “Ni ba ni da karya.”
Ƙarya yake yi.
Gashinta na nan a kan matashinsa,
kuma rabin kifin da ya ce ya cinye
ina jin ƙamshinsa a bakinta.